Shekarar da Gidaje Suka Ƙi Sayuwa

Ɗan yayata ne ya tayar mini da wannan maganar. Ya gama bautar ƙasa, ya samu ɗan aiki a wani kamfani, yana tara abin da Allah ya hore masa da niyyar mallakar fili kafin ya yi aure. Juma'ar da ta wuce ya zo gaishe ni bayan la'asar, muna zaune a ƙofar gida, sai ya ce: "Kawu, ni fa na ga gara in dakata da sayen filin nan. Yadda abubuwa ke tafiya, tattalin arziki zai sake karyewa. In ya karye, gidaje da filaye za su faɗi warwas kamar yadda aka yi a Amurka a 2008, sai in saya da araha."

Na ce masa ya gyara zama. Na haura shekara ashirin ina dillancin filaye da gidaje a Kano, kuma karayar tattalin arziki ta same ni a cikin wannan sana'a har sau biyu, a 2016 da 2020. Abin da na faɗa masa a ranar shi zan rubuta, domin na san matasa da yawa suna irin lissafinsa, kuma lissafin yana da rami a tsakiya.

Sai mutum ya san yadda kasuwar take kafin ta kwanta sannan zai gane ciwon. Daga 2011 zuwa tsakiyar 2014 gangar ɗanyen mai tana wajen dala 100, sau da yawa ma sama da haka. Dala a kasuwar 'yan canji ta Wapa tana tsakanin naira 155 da 170. 'Yan Kantin Kwari da 'yan Singa suna zuwa Sin da Dubai suna dawowa da kwantena, ribar da ta taru kuma ba a barin ta a banki, a ƙasa ake binne ta. Bahaushen ɗan kasuwa asusunsa fili ne, ba ya ruɓewa, ba ya cin dusa, ɓarawo ba ya ɗauka a kafaɗa. Ga mutanen Maiduguri da Damaturu da Potiskum da rikicin Boko Haram ya taso, masu hali a cikinsu suna sayen gida, marasa hali suna neman haya. Ga kuɗin siyasa yana yawo gabanin zaɓen 2015. Aka yi ta yanka gonakin Ɗanbare da Langel da Ja'en da bayan Ɗorayi da awon igiya, fulotin da aka saya ranar Litinin sai a sayar da shi ranar Alhamis da riba a kai. A rumfarmu akwai ranar da za mu rubuta takardar ciniki uku kafin azahar. La'ada tana shigowa, har ni ma na sayi nawa filin na zuba fandisho.

Daga nan mai ya fara gangarowa. Zuwa Janairun 2016 ganga ta faɗi ƙasa da dala 30. Ana cikin haka tsagerun Neja Delta suka shiga fasa bututu, man da ƙasar ke haƙowa ya sauko daga ganga miliyan biyu da ɗoriya a rana zuwa wajen miliyan ɗaya da rabi. Ƙasar da kusan duk dalarta daga mai take samowa, sai dala ta yi ɓatan dabo. Babban Banki ya riƙe farashin hukuma a naira 197 zuwa 199 har watan Yunin 2016, da ya saki ta tsallake 280 a rana ɗaya, ba a jima ba ta haura 300. A Wapa kuwa sai da ta wuce 500 a Fabrairun 2017. Litar fetur ta tashi daga naira 86.50 zuwa 145 a watan Mayun 2016. Jihohi da yawa suka kasa biyan albashi, wasu ma'aikatan suna bin wata biyar, wasu shida. A ƙarshen Agustan 2016 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da alƙaluma cewa tattalin arzikin ya ja baya a zango biyu na wata uku-uku a jere, wanda shi ne ma'aunin da masana ke kira karaya. Rabon Najeriya da ganin haka an haura shekara ashirin.

Mu a rumfa ba mu jira sanarwa ba. Tun kafin azumin shekarar muka gane, domin wayar da ke hana mutum cin abinci ta yi tsit. In ta yi ƙara, mai sayarwa ne. Ina da littafi mai bango baƙi da nake rubuta kayan da aka ba ni, gefe ɗaya na masu sayarwa, gefe ɗaya na masu nema. Gefen masu sayarwa ya cika shafi bayan shafi: gida a Hotoro, kango a Rijiyar Zaki, fuloti huɗu a Mariri, shago a bakin titin Panshekara. Gefen masu nema fari fat. Daga ƙaramar Sallah zuwa babbar Sallah ciniki ɗaya tak na ƙulla.

To ga abin da ɗan yayata bai sani ba. Duk wannan shirun da kasuwa ta yi, farashin da ke bakin masu gidaje bai sauka ba.

Akwai wani Alhaji da ya ba ni gida a wajen Sharaɗa, ɗaki huɗu da falo biyu, da rijiyar burtsatse, da satifiket ɗinsa na gwamnati. A 2014 an taya shi miliyan 20 ya ce albarka, shi 22 yake so. A 2016 na kai masa mutum biyu a lokuta daban-daban, ɗaya ya taya 15, ɗaya 16. Da na koma masa da tayin na biyu, ya dube ni ya ce: "Malam, gidan nan ya ce maka yana jin yunwa ne? Je ka rufe shi, ka kawo mini mukulli." Aka rufe. Gidan ya yi shekara uku a kulle. Ciyawa ta fito ta tsagin daɓen tsakar gida, gara ta cinye ƙofar kicin, silin ɗin falo ya yi tambarin ruwa. Irin wannan gidan ba ɗaya ba ne, ba goma ba ne. Mai gida ya ƙi saukowa, mai saye ya kasa hawowa, mu dillalai muna tsakiya muna kallon juna.

Abin da ya ba Alhaji wannan ƙarfin shi ne ba wanda ke bin sa ko sisi a kan gidan, kuma nan ne muka rabu da Amurka. A can yawancin mutane da bashin banki suke sayen gida, su yi ta biya wata-wata har shekara talatin, gidan kuma shi ne jingina. Gabanin 2008 bankuna suka yi ta ba mutanen da ba su da ƙarfin biya, bisa zaton farashi zai ci gaba da hawa, ko mutum ya gaza a sayar a fanshe. Da biya ya gagara, banki ya ƙwace gida ya kai kasuwa. Banki kuwa ba ya da ɗan da zai ajiye wa gida, kuɗinsa yake so yau. Gidajen da aka ƙwace suka zama miliyoyi, kowanne ana neman rabuwa da shi ko nawa ne, farashi ya rikito da sama da kashi ɗaya cikin huɗu a faɗin ƙasar, a birane irin su Las Vegas da Phoenix ma ya haura rabi. Katafaren bankin nan Lehman Brothers ya durƙushe a Satumban 2008. A can gidajen ne suka ja tattalin arziki ƙasa. A nan mai ne ya ja shi, gidaje suka biyo baya.

A tsawon shekarun da na yi a sana'ar nan, waɗanda na ga sun sayi gida da lamunin banki zan iya ƙirga su da yatsun hannuna. Bankunan kasuwanci suna neman kuɗin ruwa sama da kashi 20 cikin ɗari, a Yulin 2016 ma Babban Banki ya ɗaga nasa ma'aunin zuwa kashi 14. Akwai Asusun Gidaje na Ƙasa tun 1992, wanda ake cire wa ma'aikaci kashi 2.5 na albashinsa, a ba da rance a kan kashi 6, amma sai fili yana da cikakkiyar takarda, kuma a ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 jinginar da fili mai satifiket sai da amincewar gwamna. Yawancin filayen da talaka ke iya saye takardar mai unguwa da shaidu kaɗai gare su. Sannan mutanenmu da yawa ba za su taɓa bashin da ke da ruwa ba ko an kawo musu har gida, saboda tsoron riba. Shi ya sa gidan Bahaushe da bulo ɗari-ɗari ake gina shi, wani ya ɗauki shekara bakwai. In ya gama, nasa ne ɗungurungum, babu banki a bayansa da zai tura shi kasuwa.

Sai dai asarar tana nan, ɓuya kawai take yi. Gidan Alhaji ya sayu a 2019 a kan miliyan 21, ya kuma yi farin ciki cewa bai karya kayansa ba. Ni na zauna da biro na buga. Miliyan 20 ɗin da ya ƙi karɓa a 2014 ta kusa dala dubu 120. Miliyan 21 ɗin da ya karɓa a 2019, lokacin dala tana wajen 360, ba ta kai dala dubu 60 ba. Shi kuma ɗan kasuwa ne mai sayo kaya daga waje, da dala yake cika kwantena. Ko a ajiye maganar dala, hauhawar farashi ta haura kashi 18 cikin ɗari a Janairun 2017, buhun shinkafa ya kusa ninkawa. Gidan ya faɗi da rabi, amma ba wanda ya ji ƙarar faɗuwarsa, har mai shi.

Na ce wa ɗan yayata ya lura da kyau a nan, don a nan ramin yake. Shi ba dala yake tarawa ba, naira ce. Abin da ya cinye darajar gidan Alhaji shi ne zai cinye kuɗin da ke asusunsa, kuma ya fi saurin cin kuɗin. Wanda ya rungume naira miliyan ɗaya a farkon 2016 yana jiran fili ya faɗi, ya wayi gari a 2018 filin yana nan a farashinsa ko ya ɗan ɗaga, kuɗin kuma cefane da kuɗin makaranta sun yi ta gutsurarsa.

Ba ina cewa babu araha ba ne. Akwai, na kuma ga inda take fitowa, shi ya sa har yau ba na son kalmar.

A ƙarshen watan Maris na 2016 gobara ta tashi a kasuwar Sabon Gari ta cinye dubban shaguna. Cikin waɗanda abin ya shafa akwai wani bawan Allah mai sayar da takalma, wanda ni na saya masa fuloti biyu a Ɗanbare a 2014, kowanne miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas. Ya ce na 'ya'yansa maza biyu ne. Bayan gobarar da kwana goma ya zo rumfa da takardun a cikin baƙar leda. Ya rame, leɓensa ya bushe. Ya ce shaguna biyu sun tafi da kayan da ke ciki, rabin kayan ma bashi ne, masu su kuma sun fara aike. Ya miƙo mini ledar ya ce: "Ka nema mini ko uwar kuɗina ce."

Mako uku ina yawo da takardun. Duk wanda na tuntuɓa sai ya ce shi ma nasa yake son sayarwa. Daga ƙarshe na samu wani ɗan kasuwar hatsi daga Dawanau. Muka je filin da hantsi, mu uku da yaron mai unguwa. Mai sayen bai ma fito daga mota sosai ba, ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa ya dubi turakun iyaka ya ce dubu ɗari tara-tara. Mai filin ya ce: "Alhaji, ka dubi Allah. Rabin kuɗina ke nan." Ya ce: "Wallahi ni ma ba nema nake ba, Malam ne ya matsa mini. Akwai guda shida da aka kawo mini jiya." Kuma gaskiya ya faɗa, na san guda shidan. Na ja shi gefe na yi ta magiya, da ƙyar ya kai miliyan ɗaya da dubu ɗari kowanne, da sharaɗin a gama a ranar. Mai filin ya yi shiru. Ya taka daga turke zuwa turke, a hankali, kamar mai awo, ya tsaya a ƙarƙashin wata 'yar darbejiya da shi ya dasa ta da hannunsa. Da ya dawo ya ce: "Na sallama. Allah Ya sa albarka."

A zauren mai unguwa aka rubuta takarda, shaidu suka sa hannu, aka tura kuɗi ta waya. Ban karɓi la'ada daga ɓangarensa ba. A hanyar dawowa ba wanda ya ce uffan, sai da muka kai Kabuga ya ce, kamar da kansa yake magana: "Kasuwa, a kai miki dole." Filayen nan yanzu an gine su, unguwar ta cika, kuɗinsu ya ninka sau da yawa. Shi kuma yana nan da tebur ɗaya a bakin kasuwa.

Duk arahar da na gani a 2016 da 2017 irin wannan ce. Ma'aikacin da ya yi ritaya bai samu haƙƙinsa ba, mai jinya da asibiti ya yanka wa kuɗin aiki, magadan da kowannensu ke cikin matsi suka matsa a sayar da gidan mahaifinsu a raba, da waɗanda suka zuba jarinsu a MMM, harkar nan ta intanet mai alkawarin riba mai yawa, kafin ta rufe asusun mutane a Disambar 2016. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Kuma irin wannan kayan ba ya kaiwa ga mai tara albashi. Dillali yana da lambar mutum huɗu ko biyar da ya san za su iya biya kafin magariba, su yake kira. A lokacin su waye? 'Yan hatsi na Dawanau, saboda abinci ya yi tsada kuma 'yan ƙasashen maƙwabta suna zuwa saye da sefa mai ƙarfi. Masu noman shinkafa da masu casarta a yankin Kura da Bunkure, waɗanda tsadar shinkafar waje ta buɗe wa ƙofa. 'Yan canji. Da 'yan'uwanmu da ke Saudiyya ko Ingila ko Amurka, wanda dala dubu goman da zai aiko a 2014 ta zama naira miliyan 1.7, a farkon 2017 kuma ita ce miliyan 5. Ƙasa ta tashi daga hannun masu rauni ta koma hannun masu tsabar kuɗi, a idona, da sa hannuna a matsayin shaida.

Ɓangaren gini kuwa a jikina na ji shi. Gidana yana linta lokacin da abin ya zo. Tun a Yunin 2015 Babban Banki ya fitar da jerin kaya 41 da ya hana wa dalar hukuma, a ciki akwai kwanon rufi da ƙusa da tayil da falankin katako, duk mai shigo da su sai ya nemi dala a kasuwar bayan fage. Siminti a nan gida ake yin sa, amma injinan da kayan gyaransu da dala ake sayowa, ga fasa bututu ya katse iskar gas ɗin da masana'antu ke ƙonawa. Buhun da muke saye wajen naira 1,600 ya koma 2,300 cikin 'yan kwanaki a wajen Satumban 2016. A Ƙofar Ruwa in ka tambayi rodi da safe, farashin ba ya kaiwa la'asar. Na ga mai shago ya ƙi sayar da bandir ɗin kwano ga mai kuɗi a hannu, ya ce in ya sayar bai san da nawa zai mayar ba.

Kuɗin da na ware na rufi bai kai ko rabin aikin ba. Na kira maginina, dattijo ne da ya yi mini aiki tun daga fandisho, na ce: "Baba, sai dai mu dakata." Ya ce: "Alhaji, kai ne na huɗu a watan nan." Ya tattara cokalinsa da ma'aunin ruwa da igiya ya zuba a buhu, ya ɗaure a bayan keke. Ginin ya sha damina biyu a buɗe. Ruwa ya zaizaye bulon sama, rodin ginshiƙi ya yi tsatsa, yaran unguwa suka mai da ɗakunan filin wasa. Da na tashi ci gaba sai da aka sauke layi biyu aka sake ɗorawa. Baba kuwa ya koma ƙauyensu noma, bai dawo ba.

Gini ɗaya in ya tsaya, bakin mutum nawa ya tsaya? Mai buga bulo, direban tifar yashi da yaransa masu lodi, kafinta, mai walda, mai wayarin, mai ɗebo ruwa a kura, har matar da ke kawo shinkafa da wake wurin aikin. Da safe in na bi ta inda leburori ke zama a bakin titi da shebur da diga da kwanon sarki, a da kafin ƙarfe tara an kwashe su. A 2016 sai in dawo da azahar in same su a inda na bar su, sun koma inuwa. Waɗannan ba sa cikin lissafin mai jiran gida ya yi araha, alhali su ne farkon waɗanda karayar kasuwar gidaje ke kayarwa.

Tsadar kayan gini ita ce kuma dalili na biyu da ke hana tsohon gida faɗuwa. Mai gida zai ce maka, je ka gina irinsa a yau ka gani. Gaskiyarsa ce. Sabbin gidaje sun daina fitowa, aure da haihuwa kuwa ba su tsaya ba.

Haya ta rabu gida biyu. Ina zuwa Abuja lokaci-lokaci rakiyar masu saye, na ga manyan gidaje a Maitama da Asokoro da allon neman ɗan haya har rana ta kashe rubutun. Asusun bai-ɗaya da gwamnati ta tilasta a Satumban 2015 ya janye kuɗin hukumomi daga bankuna, kwangila ta tsaya, masu kuɗin da ba su da bayaninsa kuma suka ji tsoron fitowa su sayi kadara. Masu gidajen da a da ba sa sauraron wanda bai zo da kuɗin shekara biyu ba suka koma karɓar na shekara ɗaya. Mutane suka yi ta ƙaura zuwa Kubwa da Lugbe da Mararaba da Suleja. A Kano ma haka, mai fulat a Zoo Road ya koma ɗaki biyu a Sheka, mai ɗaki biyu ya koma ɗaki ɗaya, wani ya kwashe iyalinsa ya koma gidan gado a cikin gari. Kowa ya sauko mataki ɗaya, sai cunkoso ya taru a ƙasa. Babban gida ya rasa mai shiga, ɗaki da falo kuwa ko kwana uku ba ya yi a buɗe, kuɗinsa bai ragu ba, wani wurin ma ƙaruwa ya yi.

Mafi wuyar aikin da na yi a shekarar shi ne shiga tsakanin mai gida da ɗan haya. Akwai wata Hajiya da mijinta ya rasu ya bar mata marayu biyar da gidan haya mai ɗaki huɗu, da shi suke ci. Uku daga cikin 'yan hayar suka kasa biya, ɗaya an rage shi daga aiki a masana'anta, biyu kasuwa ta tsaya musu. Ta ce mini: "Malam, in na kore su ina za su? In na bar su me zan ba yaran nan?" Muka zauna aka raba kuɗin shekara gida huɗu, kowane wata uku a kawo abin da ya samu. Tun daga lokacin na daina ɗaukar cewa mai gidan haya kullum shi ne mai ƙarfi.

Wani abu da matsi ke haifarwa shi ne cuta. Fili ɗaya a sayar wa mutum biyu, wani ya sayar da na ɗan'uwansa da ke tafiya, takardar bogi ta yi yawa. Masu saye suka ƙara tsoro, sai bambancin takarda ya fito fili: mai satifiket ko yaya yana samun mai taya, awon igiya na bayan gari kuwa, inda babu hanya babu wuta, shi ne ya fi kwanciya, shi ne kuma talaka ya fi zuba kuɗinsa a ciki.

An sanar cewa Najeriya ta fita daga karaya a zango na biyu na 2017. Mu ba mu ga alama ba. Alƙaluman hukuma ma sun nuna haka: tattalin arzikin ƙasa gaba ɗaya ya ragu da wajen kashi ɗaya da rabi a 2016, ɓangaren gidaje da filaye kuwa da kusan kashi 7, kuma a lissafin shekara-shekara ya ci gaba da raguwa a 2017 da 2018 da 2019. Mutum sai ya cika cikinsa, ya biya bashinsa, ya mai da jarinsa, sannan yake tuna fili. Muna fara ɗagowa korona ta zo a 2020, aka kulle Kano a watan Afrilu, tattalin arziki ya sake karyewa. Wannan karon bai daɗe ba, kafin ƙarshen shekarar an fita, amma salon bai canza ba: ciniki ya tsaya, farashi bai sauka ba, siminti ya ƙara hawa. Bayan cire tallafin mai da sakin naira a 2023, dala ta haura 1,500, buhun siminti ya wuce naira 10,000 a farkon 2024. Rufin da na kasa yi a 2016 saboda tsada, yau in na tuna kuɗinsa sai in ga kamar kyauta aka so ba ni.

Ɗan yayata ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya tambaye ni ko abin da ya tara zai sayi wani abu yanzu. Na tambaye shi nawa ne, ya faɗa. Na ce ba zai kai inda yake hange ba, amma zai sayi rabin fuloti a gaba da Langel, a wani yanki da na san masu gonar tun kakanninsu, kuma za mu bi takardar har ofishin filaye kafin ya biya ko kwabo. Na ce kada ya zuba duka, ya bar abin da zai riƙe shi wata uku ko aiki ya tsaya, don kada wata rana ya zo mini da takarda a baƙar leda.

Mun yi da shi ranar Asabar da safe. Na ce ya sa takalmin da ba ya jin taɓo, domin an yi ruwa mai yawa cikin makon nan, ina so ya ga inda ruwan ke kwanciya da idonsa kafin mu yi maganar kuɗi.